Mijina lauya ne, ya zama ɗan majalisar jiha: da gaske ba mai iya taɓa shi?

Tambaya: Barista, mijina lauya ne, yanzu kuma ɗan majalisar dokokin jiharmu. Kafin zaɓe ya sayar da gidan wasu magada a madadinsu, har yau kuɗinsu na hannunsa, sun ce za su kai ƙara EFCC. Yaransa na siyasa sun ce ya kwantar da hankalinsa, yana da rigar kariya har ya sauka. Yana kuma so ya mayar da ofishinsa na lauya da sunana. Ko barci ba na iya yi. Da gaske yake da kariyar?

Amsa: Hajiya, mai gidanki ba shi da rigar kariya, ko ta kwana ɗaya. Damuwarki tana kan hanya, kuma gara da kika tambaya tun takardar gayyata ba ta iso ba.

Sashe na 308 na kundin tsarin mulkin 1999 mutum huɗu kawai ya rufe: shugaban ƙasa, mataimakinsa, gwamna da mataimakin gwamna. Babu sanata a ciki, babu ɗan majalisar wakilai, babu kakakin majalisar jiha, babu kwamishina, balle shugaban ƙaramar hukuma. Wannan magana na gaji da maimaita ta. Kullum sai an sami mai riƙe jakar onorabul ko wani da ya taɓa zama a harabar kotu yana raba wa mutane "doka" a majalisar shayi, kuma abin takaici, har waɗanda suka karanta lauya sukan saurare su, domin abin da ransu yake so ke nan. Ranar da jami'an EFCC suka zo ƙofar gida, ba za ki ga ko ɗaya daga cikin masu wannan fatawa ba.

Asalin ruɗanin shi ne wata 'yar kariya da 'yan majalisa suke da ita a kan abin da suka faɗa a zauren majalisa ko a zaman kwamiti. Idan mai gidanki ya tashi a zaure ya zargi wani ɗan kwangila da cin kuɗin asibiti, ba za a maka shi a kotu da ɓata suna ba. An yi haka ne don wakilin jama'a ya yi magana ba tare da tsoro ba. Iyakarta ke nan. Kuɗin magada da ya karɓa a ofishinsa ba magana ce ta zaure ba.

Ko su huɗun da aka rufe, jinkiri aka yi musu, ba yafiya ba. Tun 2002, a ƙarar da marigayi Gani Fawehinmi ya kai Sufeto Janar na 'yan sanda, Kotun Ƙoli ta ce ana iya binciken gwamna yana kan kujera, gurfanar da shi ne kawai sai ya sauka. Ki duba Joshua Dariye: bayan ya bar gwamnan Filato aka gurfanar da shi, kuma yana sanata mai ci a 2018 babbar kotun Abuja ta yanke masa shekara 14. Daga baya kotun ɗaukaka ƙara ta rage zuwa 10, aka yi masa afuwa a 2022, amma kujerar sanata ba ta hana shi kwana a gidan yarin Kuje ba. Faruk Lawan ma yana ɗan majalisar wakilai aka gurfanar da shi kan cin hancin binciken tallafin man fetur. Idan na tarayya ba su tsira ba, ta ina ɗan majalisar jiha zai tsira?

Shi kuwa mai gidanki, kasancewarsa lauya ƙara masa nauyi ya yi. Kuɗin wanda lauya yake wa aiki amana ce, ƙa'idar sana'armu ta ce a ajiye shi daban, ba a gauraya shi da na aljihu. Magadan nan suna da ƙofa uku, kuma suna iya bin su a lokaci guda: ƙarar neman kuɗinsu a kotu, ƙorafin cin amana wurin 'yan sanda ko EFCC, da kuma kwamitin ladabtar da lauyoyi, wanda yake iya soke sunan mutum daga rajista. Wannan na ƙarshen shi ya fi ba ni tsoro a kansa. Wa'adin majalisa shekara huɗu ne, sana'ar kuwa ita zai koma wa idan siyasa ta juya baya. Sannan idan aka ɗaure shi kan laifin rashin gaskiya, sashe na 107 da na 109 suna iya raba shi da kujerar, kuma shekara 10 ba zai sake tsayawa takarar majalisar ba.

Batun ofis kuma, kada ki sa hannu. Na farko, ke ba lauya ba ce, wanda ba lauya ba kuwa ba ya mallakar ofishin lauya, ba ya raba kuɗin aiki da lauya. Na biyu, dokar ɗa'ar ma'aikata da ke jadawali na biyar na kundin ta hana mai riƙe da muƙami na cikakken lokaci gudanar da wata sana'a ko kasuwanci, in ban da noma, kuma ta ambaci 'yan majalisa a jerin waɗanda ta hau kansu. Wasu suna fakewa da cewa kwana 181 ake buƙatar majalisa ta zauna a shekara, don haka aikin ba na cikakken lokaci ba ne. Ni ba zan ba wanda yake karɓar albashi duk wata shawarar ya jingina da wannan hujja ba. Dokar ta kuma ce abin da aka hana mutum, idan ya yi shi ta hannun wani, shi ya yi. Sunanki ba zai ɓoye shi ba, sai dai ya jawo ki cikin bincike. Hanyar da ta dace ita ce ya miƙa ofishin da fayilolin ga abokin aikinsa lauya, a rubuce, a sanar da masu shari'o'in.

Ki kuma tambaye shi me ya rubuta a fom ɗin bayyana kadarori da ya cike kafin rantsuwa. Bashi ma ana rubuta shi. Idan kuma yana da asusun banki a ƙasar waje, ya rufe, an haramta wa ɗan majalisa. Kotun Ɗa'ar Ma'aikata tana da ikon sauke mutum, ta hana shi riƙe muƙami har shekara 10, ta ƙwace kadarar.

A wannan makon ya nemi wani lauya daban, ba yaron ofishinsa ba, a kira magadan gaba ɗaya, a fito da takardar cinikin, a lissafa abin da ya karɓa da haƙƙin aikinsa. Idan kuɗin suna nan, ya biya ta banki, kowa ya sa hannu ya karɓa. Idan ya taɓa su a yaƙin neman zaɓe, ya sayar da mota ko fili ya cike, ko a rubuta yarjejeniyar biya da ranaku da shaidu. Ki sani, da zarar ƙorafi ya shiga hannun hukuma, mayar da kuɗi ba lallai ya tsayar da tuhuma ba, don haka a gama kafin su rubuta.