Ba Patrick ne ya kafa gidajen zuhudun Ailan ba

Ɗan'uwa, ka tambaya ko Waliyyi Patrick ne ya kafa gidajen zuhudu na ƙasar Ailan, tunda sunansa kake gani a makarantu da majami'un Katolika. Aiki ya zaunar da ni a ƙasar, kuma na zagaya kufan wasu daga cikin gidajen nan, to ga abin da na sani.

Yawan sunan a Najeriya dai aikin fadannin mishan ne 'yan Ailan, su suka zo da waliyyin ƙasarsu. Amma Patrick kansa bishop ne mai yawon wa'azi. Ɗan Birtaniya ne, aka kama shi yana ɗan shekara 16, ya yi shekara shida yana kiwo a hannun iyayen gijinsa a Ailan, ya gudu, daga baya ya komo da bishara. Ba shi ne na farko ba ma, domin a 431 Paparoma Celestine ya aika Palladius wurin 'yan Ailan da suka riga suka ba da gaskiya. A rubutun da ya bari, Patrick ya ce 'ya'yan sarakuna maza da mata sun shiga zuhudu ta dalilinsa, amma manyan gidajen da suka yi suna sai bayan rasuwarsa suka tsaya da ƙafafunsu.

Tushen abin a Afirka yake, a hamadar Masar. Antoni, wanda ya rasu a 356, ya bar dukiya ya shige daji shi kaɗai. Pakomiyus kuma ya tara masu zuhudu wuri guda da doka da shugaba. John Cassian ya zauna da masu zuhudun Masar, ya kai koyarwarsu Marseille wajen 415, daga Faransa ta bi ta yammacin Birtaniya ta tsallaka Ailan.

Abin da ya sa ta yi jijiya a can shi ne daular Rum ba ta taɓa mallakar tsibirin ba, saboda haka babu birane. Ƙananan masarautu ne birjik, dukiyarsu shanu. Tsarin coci na Rum kuwa bishop a birni yake zama. Sai ya zamana gidan zuhudu ne ya maye gurbin birni: sarki ya ba da fili, danginsa su riƙe shugabancin, makaranta da maƙera da masauki su taru a gefe. Gidan Clonard da Finnian ya kafa ya fi tuna mini tsangaya, malami guda, almajirai su kewaye shi, kowa ya sauke ya tafi ya buɗe tasa. Haka Ciaran ya kafa Clonmacnoise a bakin kogin Shannon wajen 544, bai daɗe ba ya rasu yana matashi. Brigid kuma a Kildare, inda mace ke shugabantar gidan da ke da ɓangaren mata da na maza.

Wanda ya fi girgiza ni Skellig Michael ne, wani tsauni a tsakiyar teku, kimanin kilomita 12 daga gaɓar Kerry. Matakalar dutse ce sama da 600, yawancinta babu abin dafawa, ga iska tana neman kwashe mutum. A sama ɗakuna shida ne masu kan tulluwa, dutse a kan dutse ba siminti ba laka, kowane layi ya ɗan shigo ciki har suka haɗe. Sai ka sunkuya za ka shiga, ciki duhu, amma ƙasan a bushe duk da ruwan da ake zubawa. Mutanen da ba su fi goma sha uku ba suka rayu a nan da kifi da ƙwan tsuntsu da ruwan sama da suke tarawa. Ba su da yashi, sai suka mai da teku hamadarsu.

Kada dogayen hasumiyoyin da ake gani a hotuna su ruɗe ka, na ƙarni na 10 ne zuwa sama. Gidajen zuhudu na farkon yawanci da katako da ciyawa aka gina su, shi ya sa ba su kawo yanzu ba.

Wani abin da suka ɗauka ibada shi ne barin gida ba komowa. Columba ya tafi Iona a Sikotlan a 563, a can ya rasu a 597. Columbanus ya tashi daga Bangor wajen 590, ya kafa Luxeuil a Faransa, ya yi wa sarki faɗa a kan 'ya'yan da ya haifa ba aure, aka kore shi, ya ƙarasa Bobbio a Italiya inda ya rasu a 615. Mutum ne mai zafi, dokarsa har da bulala ga wanda ya yi tari a farkon Zabura.

In Allah ya kawo ka, fara da Clonmacnoise ko Glendalough da Waliyyi Kevin ya kafa, mota tana kaiwa. Jiragen Skellig lokacin zafi kawai suke tafiya, kuma ko ka biya kuɗi, in teku ya tashi da safe sai a fasa.