Sitires ya kai 900 a kusurwa, ƙarfen zai karye ne?

Assalamu alaikum, ƴan uwa. Ƙanena, na saurari saƙonka. Ka ce ka zana hannun ƙarfe da zai riƙe inji a jikin bango, ka saka shi a ANSYS, manhajar gwada ƙarfin zane a kwamfuta, sai kusurwarsa ta yi ja wur, sitires, wato ƙarfin matsi ko ja da ke cikin ƙarfen, ya kai 900 a ma'auninsa na megafaskal, kuma duk sanda ka ƙanƙanta ragar nan da manhaja ke yanka abin da ita, sai lambar ta ƙara hawa. Kana tambaya ko ƙarfen ne zai karye ko manhajar ce ta rikice.

To, ni dai ina zargin kusurwar. Idan ka zana ta da kaifi, digiri 90 cif, babu ɗan lanƙwasa, a lissafi sitires ɗin wurin ba shi da iyaka. Wato ko ka kwana kana ƙanƙanta raga, hawa zai yi ta yi. Ƙarfen gaske kuwa ba haka yake ba, ko dai akwai walda a wurin ko akwai ɗan zagaye. Zana wannan zagayen yadda za a ƙera shi, sannan ka ƙanƙanta ragar sau biyu ko uku. In ka ga lambar ta fara tsayawa, bambancin bai wuce kashi 5 cikin ɗari ba, to ka samu abin yarda. In ba ta tsaya ba, lambar nan ba ta ƙarfe ba ce, ta zane ce.

Amma ni kafin ma na kalli kala, ga abin da nake fara dubawa. Lodin da na ɗora, shi ne wuraren da na kafe suka ɗauka? Ka sa lodin niyuton 1,000 (ma'aunin ƙarfi ke nan) yana danna ƙasa, to jimlar abin da notina suka tokare dole ta zama 1,000 tana kallon sama. In ba su yi daidai ba, kar ka ci gaba. Sai ma'auni. Masu aiki da manhajar Abaqus ku ji da kyau, shi ba ruwansa da ma'auni, abin da ka rubuta shi yake ɗauka. In da milimita da niyuton kake aiki, taurin ƙarfe megafaskal 210,000 ne, nauyinsa kuma da tan a kowane kubik milimita za ka shigar, 7.85 sau 10 a ƙarfin -9. Wani zai rubuta 7,850, wanda na kilo da mita ne, ya wuce abinsa, manhaja ba za ta ce masa uffan ba.

Sannan biro da takarda. Wannan shi ne yaranmu ba sa so, wallahi. Ɗauki sandar ƙarfe mai tsawon mita 1, kaurinta milimita 50 ta kowane gefe, ka kafe kai ɗaya, ka rataya niyuton 1,000 a ɗaya kan. Lissafin da muka yi tun aji biyu a jami'a zai ba ka lanƙwasawar kusan milimita 3, sitires a gindinta kusan megafaskal 48. Hannun ƙarfenka ma ai kusan wannan ne, ka sauƙaƙa shi ka lissafa. In takarda ta ce 50, kwamfuta ta ce 60 nesa da kusurwar, to kana hanya. In ta ce 5 ko 500, akwai inda ka kafe abin da bai kamata ba, ko ka saki wanda ya kamata a kafe. Yawancin ɓarna a nan take, wajen kafewa. Mutum ya ɗaure fuskar gaba ɗaya kamar an narka ta da bango, alhali noti huɗu ne kawai ke riƙe da ita.

In abin naka sassa ne da yawa, cire duk kafewar ka yi gwajin girgiza. Ya kamata lambobin saurin girgiza shida na farko su fito sifili ko kusa da shi, uku na matsawa, uku na juyawa. Ka ga bakwai ko fiye, wani sashe bai manne ba.

Kai yanzu lamba mai yawa ce ta tsorata ka, ni kuwa mai kaɗan ta fi ba ni tsoro, don ba mai tambayarta. A ranar 23 ga Agusta 1991, a Norway kusa da Stavanger, ana gwada gindin kankare na dandalin haƙar mai Sleipner A, ana nutsar da shi a hankali, sai wani bango ya tsage, ruwa ya fi ƙarfin famfuna, abin ya nutse gaba ɗaya. Faɗuwarsa ƙasan ruwa har na'urar auna girgizar ƙasa ta ji, maki 3. Asara kusan dala miliyan 700. Bincike ya nuna samfurin da aka yi a manhajar NASTRAN ragarsa ba ta da kyau a mahaɗar bangayen, ya rage sitires na tsagewa da kashi 47 cikin ɗari, ga kuma rodin wurin bai wadatar ba. Da aka sake lissafin da kyau, ya nuna zai fashe a zurfin mita 62, shi kuwa a 65 ya fashe. Ka ga ke nan hanyar lissafin tana aiki, yadda aka yanka ragar ne ya cuce su, kuma ƙwararru ne fa, ba ɗalibai ba.

Don haka ka zuƙo ragarka kusa ka dube ta da ido, musamman mahaɗa da bakin ramuka. Ƴan gutsattsarin da suka miƙe sirara ko suka murɗe, gyara su. Ka kuma kashe gaurayar kalar nan da manhaja ke yi don hoto ya yi santsi, ka ga sitires na kowane guntu shi kaɗai. In maƙwabta biyu sun yi nisa da juna sosai, ragar wurin ta yi girma.

Turo min hoton ragar a kusurwar, da jimlar abin da notina suka ɗauka, da irin ƙarfen da za ka yi amfani da shi. Bayan Isha zan duba, in sha Allah.