Ga mai tambayar tsarin kicin: ki fara da tukunyar tuwonki, kala ta biyo baya

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya sa a gama ginin nan lafiya, ya sa ku shiga a sa'a. Na karanta tambayarki: gini ya kai linta, maigida ya ce kicin naki ne ki faɗi yadda kike so, ɗakin ƙafa 10 ne da 12, kina son a buɗe shi ya haɗe da falo, a sa teburin nan na tsakiya da ake gani a hotuna, sannan kina neman kalar kabet da ta fi kyau. Na ga 'yan'uwa sun cika ki da hotuna. Ni girkin biki da na suna nake yi a nan Kano, na shiga kicin ɗin mutane iri-iri da tukwanena, don haka ta wani gefen zan ɓullo miki.

Kin yi sa'a da kika yi tambayar kafin filasta. Tun ran gini ran zane. Kabet da fenti ko bayan shekara biyar kina iya sauya su, amma bututun ruwa, wayar wuta, taga da ƙofa, in aka rufe su da tayil, gyaransu sai da guduma. In kuɗi sun yi ƙaranci, a kashe su a waɗannan, kabet ya jira.

Teburin tsakiya dai ki haƙura da shi, kuma lissafi ne ya hana, ba ni ba. Kantar girki faɗinta ƙafa 2 ne daga bango. In kika sa ta gefe biyu, ƙafa 4 sun tafi daga cikin 10, saura 6. Teburin kansa mafi ƙanƙanta ƙafa 2, saura 4, wato ƙafa bibbiyu kowane gefe. A ƙafa 2 ba za ki iya buɗe ƙofar kabet ki durƙusa gabanta ba, balle ki wuce da tukunya mai zafi wata na tsaye. Hanyar wucewa tana son ƙafa 3 da rabi aƙalla, kin ga sai ɗaki ya kai ƙafa 13 a faɗi kafin teburin ya zauna. Naki ya fi dacewa da kanta mai bin bango biyu ta yi kwana, tsakiya ya zama fili. Wannan filin ne za ki gode wa Allah a kansa ranar da mata huɗu suka zauna a kujera 'yar tsugunno suna yankan alayyafo da gyaran kayan miya.

Buɗe kicin ga falo kuma, ki tambayi kanki me kike dafawa. Gidajen da ake ɗaukar hotunan nan ba sa sa daddawa a miya, ba sa soya manja har ya yi hayaƙi, ba sa soya attaruhun da zai sa ɗan maƙwabta tari. Labule da kujerun falo suna riƙe wari, turaren wuta kuma ba ya kashe shi, haɗuwa suke yi. Ga abokan maigida da ƙannensa suna zaune a falo, ke kina tuƙi da ɗaurin ƙirji cikin zafin Afrilu. Ki sa bango da ƙofa. In kina son ganin yara ko miƙa abinci, a buɗe 'yar taga mai murfi ta ɓangaren wajen cin abinci, ta wadatar. Abin da ba zan yarda ki rasa ba shi ne ƙofa ta biyu mai fita bayan gida. Ta nan buhu zai shigo, ta nan shara za ta fita, ta nan kuma za ki fita in wani abu ya kama da wuta, Allah ya kiyaye.

Akwai wata ƙa'ida da masu zanen gida ke ambato, wadda aka fitar a Jami'ar Illinois ta Amurka a shekarun 1940: murhu, wajen wanke-wanke da firij su zama kamar kusurwa uku, tsakanin kowane biyu ƙafa 4 zuwa 9, jimilla kada ta wuce 26. Tana da amfani, ki riƙe ta. Sai dai an yi ta ne don mace ɗaya mai girki ita kaɗai. Mu muna da sito, da turmi, da tukunyar da ba ta hawa kanta. Waɗannan su ne hotunan ba su san da su ba.

Batun tuwo shi ne wanda na fi ganin an yi wa mata ɓarna a kansa. Magini zai zuba kanta ƙafa 3 daga ƙasa ko'ina, don haka aka saba. Sai ki ɗora murhun gas na kan tebur mai inci 4 ko 5, ki ɗora tukunya mai tsayin inci 10 a kai. Bakin tukunya ya zo miki ƙirji. Tuƙi kuwa da nauyin jiki ake yinsa, muciya na son ki danna ta ƙasa. Shi ya sa za ki ga mace mai kicin na miliyoyi ta sauke tukunya ƙasa, ta danne ta da tsumma tana tuƙi, ta mayar, ta sake saukewa. Ki sa a sauke gurbin murhu da kamar inci 6 ƙasa da sauran kantar. Tsayin kantar ma kada a bi al'ada kawai: ki je wajen ginin da kanki, ki tsaya da silifas ɗin da kike girki da shi, ki lanƙwasa hannu, a auna inci 4 zuwa 5 ƙasa da gwiwar hannunki, a ja layi a bango. Sannan ki bar wani lungu babu kabet, mai faɗin ƙafa 2 da rabi, don murhun ƙarfe mai kai ɗaya da ake ajiyewa a ƙasa. Nan babbar tukunya za ta zauna.

Duk da haka sai kin yi kicin ɗin waje. Ba wani babban abu ba ne: rumfar kwano a bayan gida dab da ƙofar nan ta biyu, daɓen siminti mai kauri, famfo a ƙasa-ƙasa da ɗan gurbi mai rariya. Nan turmi zai zauna, don taɓarya da tayil ba sa shiri, ko kin shimfiɗa buhu sai ya tsage wata rana. Nan kurfoti da murhun itace, nan suyar naman layya, nan wankin tukwanen da ba sa shiga sinki, nan girki duk ranar da gas ya ƙare ana tsaka da dahuwar wake. Gawayi kuma kada ya shiga kicin ɗin ciki a rufe ƙofa, ko da sanyin hunturu ne. Iskar da yake fitarwa ba ta da wari, mutum jiri kawai zai ji ya kwanta.

Tukunyar gas ma waje. Na sha ganin kafinta ya yi mata ɗaki mai kyau a ƙarƙashin murhu, ya rufe ruf don kada ta ɓata ado. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, in ya yi yoyo ƙasa yake kwantawa ya taru, taga ta sama ba ta kwashe shi. Tun yanzu ki sa magini ya bar rami a bango da ɗan bututu a ciki inda tiyo zai bi, mai walda ya yi keji mai raga a waje, a inuwa, nesa da bakin kwata, wanda zai ɗauki tukunya biyu masu kilo 12.5 a tsaye. Duk lokacin da aka sauya tukunya ki shafa kumfar sabulu a mahaɗar, in ta yi ƙwai-ƙwai akwai yoyo. In kika shigo kika ji wari, kada ki taɓa makunnin fitila, buɗe ƙofofi za ki fara yi.

Taga: sinki a ƙarƙashinta, murhu a gefe. Murhu a bakin taga iska na kashe wuta gas na ci gaba da fita. In tagarku yamma take kallo, ranar la'asar za ta dake ki daidai lokacin girkin dare, ki tuna da azumi. A yi mata rumfa ta waje. Tunda ba a rufe sama ba, a bar ƙaramin gurbi can kusa da silin a bangon murhu don fankar zuƙe hayaƙi. In kuma injin nan na saman murhu za ki saya, ki tabbata an fitar da bututunsa waje, a rataye shi kamar ƙafa 2 da rabi sama da wuta. Da yawa ana maƙala shi ne babu mafita, ya yi ta ƙugi yana juya hayaƙin a ɗaki.

Sito in babu shi a zanen, a fitar da shi ta baya tare da rumfar, ko ƙafa 5 da 6 ne. Duk gidan da ake sayen hatsi da kaka, ko daga Dawanau ko daga ƙauye, ya san buhun shinkafa mai kilo 50 da jarkar manja mai lita 25 ba su da gurbi a kabet. Buhu a kan katako, kada ya taɓa ƙasa ko bango. Albasa da doya suna son iska, a bar musu ƙaramar taga mai raga biyu, ta ƙarfe da ta sauro. Ƙasan ƙofa kada a bar ko tsagar da yatsa zai shiga, ɓera ba ya buƙatar fiye da haka. Firiza ma can ta fi dacewa, tunda sama murfinta yake buɗewa, ba ta shiga ƙarƙashin komai.

Wuta da ruwa a taƙaice. Soket ya yi yawa ya fi ya yi kaɗan: huɗu ko biyar a saman kanta, nesa da famfo, ban da na firij da na firiza. In kuna da niyyar sola ko da nan gaba ne, a ja wa waɗannan biyun layinsu daban tun yanzu. Abin gashi na lantarki shi ma layinsa daban da waya mai kauri. Sinki mai zurfi mai gida biyu, a sa masa lanƙwasasshen bututun nan da ke riƙe ruwa a ƙasa, shi ke hana warin sokawe da kyankyasai hawowa. A ƙasan ɗakin a bar rariya, a karkata tayil zuwa gare ta, don mu da bokiti muke wanke kicin.

Wannan wankin ne ma ya sa nake cewa kada katakon kabet ya taɓa ƙasa. A zuba dakalin siminti na inci 4 a ɗora shi a kai. Wata ƙawata an yi mata kabet na MDF, katakon nan da ake matsewa daga garin katako, har ƙarƙashin sinki, bututu ya yi ta ɗiga ba a sani ba, kafin damina ta zagayo katakon ya kumbura kamar burodin da aka tsoma a shayi, ƙofofin suka daina rufuwa. Ni a ƙasa na fi yarda da kantar siminti da ƙofofin alminiyon: ruwa ba ya cin su, gara ba ta cin su. Ba su kai katako kyau ba, gaskiya ne, sai ki yi adonki a kabet ɗin sama inda ruwa ba ya kaiwa. Na saman kuma a kai shi har silin. In aka bar fili a kansa, ƙurar hunturu da maiƙon suya za su haɗu su zama wani danƙo da sai da wuƙa. Don haka ma kantocin nan marasa ƙofa da ake jera kofuna a kai, a ƙasarmu aikin wanki ne kawai. A ƙasa ki yawaita durowa masu zurfi, sun fi kabet ɗin da sai kin durƙusa kin zura kai kina neman murfin tukunya.

Kayan jere fa, in har yanzu suna nan cikin kwalayensu, kada ki auna kabet da su. Kuloli goma sha, da faranti saiti-saiti da ba a taɓa ci a ciki ba, su ne ke cinye wurin da ya kamata tukunyar yau da kullum ta zauna. Kabet ɗaya mai gilashi ya ishe su a gani a yaba, sauran su tafi saman sito sai ranar taro.

Saman kanta za a nuna miki mabul da giranit. Mabul ya fi ɗaukar ido, amma tsami yana cin sa: lemon tsami, tsamiya, tumatir duk suna dusashe shi, manja da zoɓo kuma su shige ciki su zauna. Giranit mai duhu mai ɗigo-ɗigo ya fi jure mana. In kin je saye ki nemi ɓallin dutsen, ki matsa masa lemon tsami, ki ɗiga manja a gefe, ki duba bayan ɗan lokaci. In kuɗin bai kai ba, manyan tayil masu santimita 60 da 60 ma suna yi, layin haɗinsu kaɗan ne. Tayil ɗin ƙasa kuwa, ko a Ƙofar Ruwa ko ina za ki saya, ki zuba masa ruwa ki shafa da tafin hannu. In ya yi santsi ki bar shi, komai kyansa, don kicin ba ya rabuwa da ɗigon mai da ruwan kuɓewa.

To ga kalarki. Ɗakin ba babba ba ne, saboda haka bango da kabet ɗin sama su zama masu haske, ruwan madara ko toka mai haske, a yi tayil har sama a bangon murhu. Na ƙasa su ɗan yi duhu, nan ne hannun yara da fantsamar miya ke kaiwa. Fari tas mai ƙyalli da baƙi wuluk duk ki guje su, su biyun ne suka fi tona ƙura. Kala biyu ta isa, ta ukun tukwane da kwanukanki za su kawo ta. A sa siririyar fitila a ƙarƙashin kabet ɗin sama, don ta tsakiyar silin bayanki take haskawa, inuwarki ta faɗa kan abin da kike yankawa. Kafinta kuma kada a ba shi awo ta waya, sai an gama filasta da tayil ya zo ya auna da kansa, a riƙe wani abu daga kuɗinsa har sai kin buɗe kowace ƙofa da durowa kin rufe da hannunki.