Me Ya Sa Tashen The Vapors Bai Ɗore Ba?

Tambaya: Malam, na ji waƙar "Turning Japanese" a rediyo, aka kuma ce ƙungiyar da ta rera ta, The Vapors, ta watse cikin 'yan shekaru. Shin basira ce ta ƙare musu bayan waƙa ɗaya?

Amsa: Ɗan'uwa, a ganina ba a yi wa mutanen nan adalci ba idan aka ce basira ce ta ƙare musu, domin mafi yawan abin da ya durƙusar da su ya faru ne a ofis, nesa da dandalin wasa.

An kafa ƙungiyar a garin Guildford na Ingila a 1978, kuma mutum huɗu aka sani a cikinta: David Fenton mai rubuta waƙa da rerawa, Edward Bazalgette a kan jita, Steve Smith a kan jitar bes, da Howard Smith mai ganga. Salonsu shi ne pawa-pop, wato gajerun waƙoƙi masu saurin kiɗa da amshi mai saurin shiga kunne, cikin sabon yayin da ya biyo bayan kiɗan pank. Bruce Foxton na ƙungiyar The Jam ne ya gan su suna wasa ya yaba, har shi da John Weller, mahaifin Paul Weller jagoran The Jam, suka zama manajojinsu, suka kuma tafi da su rangadin The Jam na 1979. Kamfanin United Artists ya ɗauke su, sai dai faifansu na farko, "Prisoners", bai yi kasuwa ba.

A farkon 1980 "Turning Japanese" ta kai mataki na 3 a jadawalin Birtaniya, daga baya ta zama ta 1 a Ostareliya, ta kuma kai na 36 a Amurka. A nan ne kuma matsalar ta soma, domin a farkon wannan shekarar The Jam ta hau saman jadawalin Birtaniya, kuma John Weller, wanda yake riƙe da ƙungiyar ɗansa, ba zai iya raba hankalinsa gida biyu ba, don haka The Vapors suka rasa kulawar da suka fi bukata. Faifan da ya biyo baya, "News at Ten", ya fito a lokacin da yajin aikin ƙungiyar ƙwadago ta makaɗa ya tsayar da shirin Top of the Pops na BBC, wanda a wancan zamani shi ne babbar hanyar da miliyoyin matasa suke ganin sabuwar waƙa kowace Alhamis. Faifan ya tsaya a na 44. Ana cikin haka kamfanin EMI ya haɗiye United Artists, sai suka wayi gari a hannun ma'aikatan da ba su ne suka ɗauke su ba.

Akwai kuma saɓani tsakanin abin da jama'a suka zata da abin da Fenton yake rubutawa, kuma wannan ne ya fi damuna. Mai sayen faifai ya ɗauke su 'yan nishaɗi, alhali kundinsu na farko, New Clear Days, cike yake da fargabar yaƙin nukiliya, na biyu kuma, Magnets na 1981, ya fi shi duhu. A cikinsa ne "Jimmie Jones" take, wadda ta taɓo Jim Jones, shugaban ɗariƙar da mabiyansa fiye da 900 suka mutu a Guyana a 1978. Waƙa ce mai kyau ƙwarai, amma ba irin wadda gidajen rediyo suke rububi ba ce, kuma kamfanin bai tallata kundin yadda ya kamata ba. Ba a jima ba suka rabu.

Daga baya Fenton ya zama lauya, ya yi wa ƙungiyar ƙwadago ta makaɗan Birtaniya aiki, Bazalgette kuma ya zama daraktan talabijin, har ya jagoranci wasu sassan shirin Doctor Who na BBC a 2015. A 2016 uku daga cikinsu suka sake haɗuwa ba tare da Howard Smith ba, suka fitar da sabon kundi mai suna Together a 2020. Idan kana son ka auna su da kanka, ka fara da Magnets.