Shin Aure da Dukiya Su ne Farin Ciki a Labaranmu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce mai yawan karance-karancen littattafan Hausa da kallon fina-finai, kuma na lura kusan kowane labari da ɗaurin aure yake ƙarewa, a kai amarya gidan bene, ango ya zama mai kuɗi. Shin a wurin marubutanmu farin ciki da nasara ba su wuce aure da dukiya ba, ko ni ce ban iya karatun ba?

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yata. Abin da kika lura da shi gaskiya ne, musamman a fina-finai, amma ina so ki sauya wurin da kike sa ido. Maimakon ki ƙidaya abin da tauraron labari ya samu a shafin ƙarshe, ki duba abin da aka raba shi da shi tun farko, domin galibi abin da aka ƙwace masa shi ne ainihin abin da marubucin yake ɗauka da daraja, dukiyar da ke zuwa daga baya kuwa shaida ce kawai da ake nuna wa jama'a.

Mu fara da littattafan da suka fito daga gasar da Baturen nan Rupert East ya shirya a 1933 a ƙarƙashin Hukumar Fassara ta Zariya. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, abin da ya fitar da Alhaji Imam daga gida shi ne wulaƙancin da aka yi wa Liman, mijin mahaifiyarsa wanda ya riƙe shi, a fada, bayan ya ce ruwan Bagaja zai warkar da ɗan sarki aka mayar da maganarsa abin dariya. Duk yawon da ya yi, da karawarsa da Malam Zurƙe, don ya wanke wannan kunyar ne, kuma arzikin da ya dawo da shi ya biyo bayan mutuncin da ya maido wa gidansu. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fi wannan nisa, domin labarin gaba ɗaya amsa ce ga tambayar da almajirai suka yi wa malaminsu a Rauta game da asalinsa. An sace shi yana yaro, an tsallaka da shi hamada, ya tashi a hannun Balarabe, ya yi ilimi, mahaifiyarsa kuma ta fita nemansa har ita ma ta faɗa cikin bauta, suka haɗu tana gab da rasuwa. Babu biki a ƙarshen wannan littafi, babu gidan bene, sai wani dattijo a zaune cikin almajiransa wanda ya san ko shi wane ne. Adamu Halilu ya mayar da shi fim a 1976, kuma an sake nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018 bayan an gyara shi. Shi kuwa Jiki Magayi, wanda John Tafida ya rubuta tare da East, tun wancan zamani ya nuna yadda mai kuɗi ya ƙwace wa saurayi budurwa, auren kuma ya haifar da ramuwar gayya da ta tarwatsa gidan. Kenan zargin dukiya tsohon abu ne a rubutunmu.

Auren da kike gani ya mamaye labari ya samo ƙarfinsa ne daga littattafan da suka yawaita a Kano daga tsakiyar shekarun 1980, waɗanda wasu manazarta suka laƙaba wa suna adabin kasuwar Kano (laƙabin da marubutan da yawa ba su taɓa jin daɗinsa ba, kuma ina ganin suna da hujja). Masu rubuta su da masu karanta su yawancinsu matasa ne da matan aure, kuma a rayuwarsu aure shi ne wurin da ake yanke musu hukunci mafi girma, sau da yawa ba tare da an tambaye su ba. A In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito a 1991, Sumayya 'yar masu hali ce, saboda haka ba kuɗi take nema ba. Ta zaɓi Muhammad talaka, aka matsa mata ta auri attajiri, ta faɗa rijiya. Idan irin wannan labari ya ƙare da ɗaurin aure, abin da ake murna a kai shi ne yarinya ta furta zaɓinta, iyaye kuma sun sa albarka. Ki lura cewa da wuya marubucin Hausa ya bar masoya su gudu su yi aurensu a wani gari ya kira wannan nasara. Dole sai an dawo zaure, an kira waliyyai, an raba goro, domin a tunaninmu jin daɗin da dangi ba su shaida ba bai cika ba.

Fim kuwa yana da tasa matsalar da littafi ba shi da ita. Marubuci yana iya shafe shafi uku a cikin zuciyar mace tana saƙa da warwara, amma kyamara sai abin da ido zai gani. Rufin asiri da kwanciyar hankali ba su da siffar da za a ɗauka a hoto, don haka mai shirya fim yakan ari falo mai manyan kujeru da ƙatuwar mota ya ce wa mai kallo ga alamar an samu sauƙi. Haka nan soyayya: tun daga fim ɗin Turmin Danya na 1990, masana'antar fim ɗin Hausa ta taso ne a cikin al'ummar da ba ta yarda saurayi ya taɓa budurwa a bainar jama'a ba, Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano kuma ta zo a 2001 ta ƙara ɗaure wannan iyaka. Waƙa, wadda aka koya daga fina-finan Indiya da aka daɗe ana kallo a silimun Kano da Kaduna da Jos, ita ta zama bakin da masoya ke faɗin abin da kunya ta hana su faɗa a zance. Ban ce duk masu fim suna da uzuri ba. Akwai waɗanda lalaci ne kawai ya sa suke maimaita ƙarshe ɗaya, don sun san yana sayuwa.

Littafin da nake so ki karanta da wannan tambayar a ranki shi ne Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, aka kuma buga fassararsa ta Turanci a Indiya a 2012. Alhaji Abdu ya auro Delu, ya kori uwargidansa Rabi da 'ya'yanta tara, ita kuma ta kama sana'ar dafa abinci tana sayarwa, ta riƙe yaran, ta ci gaba da biya musu kuɗin makaranta, har 'yarta Saudatu ta yi aure mai kyau. A waɗannan shafukan, inda take tsaye a gaban tukunya cikin hayaƙi tana lissafin cinikin ranar, mai karatu yana ganin macen da ta fara sanin darajar kanta. Daga nan gobara ta cinye dukiyar Alhaji Abdu a kasuwa, zamansa da Delu ya watse, sai manya suka taru a kan Rabi suka ce ta koma ɗakinta, ta kuma koma ba da son ranta ba.

A zahiri wannan shi ne irin ƙarshen da kike ƙorafi a kansa, tun da aure ya gyaru, gida ya haɗu, azzalumi ya ga sakayya. Amma marubuciyar ta bar mu muna kallon mace ta koma ciyar da mutumin da ya watsar mata da kaya waje, kuma da guminta za a ci abinci a gidan. Na sha karanta wannan babi tare da ɗalibai a aji, kuma kusan kullum ajin rabuwa yake yi gida biyu: wasu su ce Rabi ta ci ribar haƙuri, wasu kuma, galibi matan da suka taɓa zaman aure, su yi shiru na ɗan lokaci, sannan ɗaya daga cikinsu ta tambaya ko akwai wanda ya nemi jin ta bakin Rabi kafin a yanke maganar.