Idan Bas Ya Danne Murya a Hedifon

Ka ce, "Oga, hedifon ɗin nan bas ɗinsa ba a magana, amma murya ba ta fita sarai. Ko lasifikar ce ta lalace?"

Lafiyarta ƙalau, yaro. Bas ne ya hau kan tsakiya ya zauna. Bas, wato sauti mai kauri, yana tsakanin 20 da 250 Hz (Hz ma'aunin kauri ko sirantar sauti ne: ƙaramin adadi mai kauri, babba siriri). Tsakiya kuwa, inda muryar mutum da jita da fiyano suke, daga 250 ne zuwa wajen 4,000. A kunnen ɗan Adam, sauti mai kauri idan ya yi ƙarfi yana rufe siririn da ke samansa, siririn kuma ba kasafai yake rufe mai kauri ba.

Amma kada ka ɗora wa bas gaba ɗaya laifi. Dukan nan na can ƙasa, 40 zuwa 80 Hz, da wuya ya taɓa murya. Mai ɓarnar shi ne 150 zuwa 300. Da ya kumbura, sai ka ji mawaƙi kamar an lulluɓe shi da bargo. Shi ya sa ma'aunin Harman, wato tsarin daidaita sautin hedifon na kamfanin Harman, wanda Sean Olive ya jagoranci bincikensa, yake ɗaga bas daga wajen 105 Hz zuwa ƙasa, ya bar tudu a kusa da 3,000, inda ramin kunne ke ƙara wa sauti ƙarfi da kansa.

Ka buɗe ikwalaiza, wato wurin ƙara ko rage kowane ɓangaren sauti, ka sa muryar da ka sani sosai. Rage desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) 2 ko 3 a 250 Hz, ka saurara. In bai isa ba, ƙara desibel 1 ko 2 a 2,500, kada ka wuce haka, don murya za ta koma ihu, kunne ya gaji da wuri. Ni na fi son ragewa a kan ƙarawa, domin ƙari na iya sa sauti ya fashe sai in ka sauke ƙarfin shigarwa, wato ƙarfin sautin gaba ɗaya a cikin ikwalaiza, daidai da abin da ka ƙara.

Kuma kada ka gwada hedifon biyu da ƙara daban-daban. Tun 1933 masu bincike Fletcher da Munson suka nuna cewa in ƙara ta yi ƙasa, kunne ba ya jin bas sosai, don haka wanda ya fi ƙara shi zai fi yi maka daɗi ko da bai fi ba. Daidaita su da sautin 1,000 Hz tukuna.

In kuma bas ɗin ne ya ɓace, fara duba soson da ke rufe kunne. Wanda ya tsage, ko ƙafar tabarau ta ɗaga shi, iska yake zubarwa, bas ya bi ta nan. Sannan ka duba ko an juya wayoyin lasifika ɗaya wajen ɗinki da dalma: alamarsa, murya ba ta tsayawa a tsakiyar kai.