Amsar tambayarka kan tasta da katawut

Jiya muna tattara kaya ka ce min: "Oga, in an ɗauke wuta, tasta, sukudireban gwada wuta, kuma ba ta kama ba, sai an zare katawut, fis ɗin da wuta ke shigowa gida ta cikinsa, kafin a taɓa waya?" Kana maganar kana juya filayar nan taka da robar hannunta ta tsage ka naɗe da salatif. Ban tanka maka ba don raina ne ya ɓaci. Ba da kai ba, wani Alhaji ka tuna min.

Shekarar 2011 ce, watan Afrilu, zafin Kano na dafa mutum a tsaye. Na karɓi aikin sake wayarin wani gida a Hotoro, muka yi ciniki dubu tamanin, ya ba ni talatin kafin alƙalami. Ni ba sabon hannu ba ne a lokacin, shekarata goma sha biyu a sana'a. Na zare katawut na jefa a aljihu, na sauke burekoki, na tambaye shi ko akwai janareta. Ya ce babban yana wajen bakanike, in yi aikina hankali kwance.

Abin da bai faɗa min ba, akwai ɗan ƙaramin janareta a bayan kicin, irin wanda ake zuba wa mai haɗe da baƙin mai. Babu canjoba, makunnin da ke raba wutar janareta da ta NEPA. Wata waya suka haɗa mai fulogi baki biyu, su soka ɗaya a janareta, ɗaya a soket ɗin bango, wuta ta bi gidan gaba ɗaya ta baya. Ina kan tsanin ƙarfe a falo, kaina cikin silin, gumi har gwiwar hannu, ina yanke jar waya da wata filaya mai tsagaggen hannu, sak irin taka. Uwargida ta ji zafi, ta aiki yaro ya tayar mata da inji don fanka.

Kai yaro, wutar gida ba ta jefar da mutum yadda kuke zato. Riƙewa take yi. Yatsuna suka danƙe filayar, ina so in saki, hannu ya ƙi jin magana. Nauyin jikina ne ya ƙwace ni, na faɗo da tsanin a kan teburin gilas. Wuyan hannun dama ya karye, wata uku ina zarya gidan mai ɗori, ko cokali ba na iya riƙewa.

Da na warke na je karɓar cikon kuɗina, don aikin saura kaɗan yarana suka ƙarasa. Ya bar ni a tsaye a ƙofar gida kusan awa guda, sannan ya fito yana sakace, ya ce teburin daga Dubai aka kawo shi, in ma an yi lissafi shi ke bi na. Dubu hamsin, a lokacin da dubu hamsin take kuɗi. Ko sannu da jiki bai ce ba. Har yau in na bi ta layin sai wuyan hannun nan ya motsa.

To, ka zare katawut, ka sa a aljihunka, ba a kan mita ba inda wani mai karambani zai mayar. Amma ka ga ni ma na zare. Ka zaga gidan da ƙafarka ka nemo duk inda wuta za ta iya shigowa, kada ka yarda da bakin mai gida. Yanzu ma abin ya fi muni, ga inbata da sola ko'ina, su ko ƙara ba sa yi.

Ita kuwa tasta, ta jikinka take samun hanya kafin ƙwanta ya kama. In kana kan busasshen katako ko cikin hasken rana, sai ta yi dishi-dishi ka ce babu komai, alhali bolt 230 na zaune a wayar. Gwada ta a inda ka san akwai wuta tukuna, sannan ka sa mitar gwajin waya ka auna. Launin waya ma kada ka rantse da shi. Na sha samun baƙa, wadda ba a sa ran wuta a jikinta, ɗauke da wuta a gidajen da 'yan koyo suka yi wa aiki.

Yadda ake fere waya da ɗaure soket ba zan ɓata bakina ba, wanda bai iya wannan ba ya koma sayar da rake.

Ku yaran yanzu za ku sa dubu ɗari a wayar hannu, amma filayar da ranku ke rataye a kanta sai ta gwanjo. Gobe kafin mu wuce aiki ka biya Sabon Gari ka nemo mai tambarin 1000V a hannu, ka duba da kyau don jabu sun cika kasuwa. Waccan ka kawo min ita, ni zan jefar da kaina. Kuɗin kuma daga na makonka zan cire.